Sharar da Ta Cinye Ajiyar Kawu

A gidanmu ba a buɗe ajiya. Tun ina ƙarama nake ganin maƙwabta suna kawo wa Inna, mahaifiyata, ƙulli a tsumma ko kwano a rufe, ta karɓa ta tura ƙarƙashin gado ba tare da ta tambayi ko mene ne ba. Akwai ƙullin da ya shekara huɗu a ɗakinta. Da mai shi ta dawo ta kwance a gabanmu, sai ga irin kuɓewa da ɗan kunne wari guda. Na yi dariya har da riƙe ciki, Inna ta harare ni ta ce ko tsakuwa ce, amana amana ce. Da wannan tarbiyyar na tashi, kuma da ita na yi tuntuɓe, ko da yake laifin nawa ne, ba na tarbiyyar ba.

Kawu ƙanin Inna ne. Malamin gona ne da ya yi ritaya, kuma duk aikinsa a ƙauyukan Faskari ya yi shi, har da ƙauyen da aka haife su shi da Inna. Lokacin da zaman can ya gagara, mutane suka watse, ya biyo ta wurinmu a Ƙanƙara a hanyarsa ta zuwa Sabuwa wajen 'yarsa. Da zai tafi ya kira ni gefe, ya miƙo mini ɗan gwangwanin alawa an naɗe shi da zare.

"Filashin kwamfuta ne a ciki," ya ce. "Ke kinka san darajar irin wanga abu, ɗiyata. Ki aje mani har in waiwayo."

Bai ƙara ba, ban tambaya ba. Na ji daɗi har cikin raina, don a karon farko an tsallake Inna an ba ni ajiya. Na sa gwangwanin a ƙasan akwatina, ya kusa shekara uku a nan.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, kafin a watse Kawu ya yi makonni yana bin sarkin noman ƙauyensu gona gona da waya a hannu, yana naɗar muryarsa. Tsohon shi ne ya san inda kowace gona ta fara da inda ta tsaya, kuma maganarsa ce kaɗai ba a ja da ita. Ya rasu a gudun hijira. Wayar Kawu ta faɗa ruwa daga baya. Abin da ya rage na muryar tsohon a duniya shi ne wanda ke cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwan da ban cika ɗaurawa ba.

Ni aikina rubuta manhajar kwamfuta ne. Wani ƙaramin kamfani a Kano ya ɗauke ni, ina yi musu aiki daga ɗakina. Manhajar tamu tana aika wa manoma saƙon murya a waya: lokacin shuka, yadda ake zuba taki, alamar tsutsa a masara. Duk sanda na gyara wani abu a cikinta, sai na kunna gwaji kafin in miƙa. Gwajin nan ƙananan umarnai ne da na rubuta, sun fi ɗari, kowanne yana jarraba manhajar ta gefe guda da kansa, ni dai in zauna ina kallo. In komai lafiya allo ya cika da kore, in akwai matsala ja ya fito ya nuna mini inda take.

To ba a gwada aika murya sai da murya. Don haka na naɗi tawa sau ɗaya, jimla biyu kawai: "Wannan gwaji ne. A share bayan an gama." Kowane gwaji yana kwafar wannan, ya maimaita ta, ya yi fayiloli barkatai a wata folda ta wucin gadi, ya yi aikinsa da su, in ya kammala ya share bayansa. Haka tsarin yake a rubuce. Sai dai wanda ya ƙirƙiro tsarin bai zauna a unguwarmu ba. Batirin kwamfutata ya daɗe da mutuwa, da an ɗauke wuta take ɗif, kuma gwajin da aka katse a tsakiya ba ya kaiwa ga shara. Ya bar tarkacensa ke nan. A rana a ɗauke wuta sau uku, sau huɗu, wata da watanni, ni ina ta zagin masu wuta, tarkace yana ta taruwa a lungunan da ban ma san da su ba.

Da na lura, sai na yi dabara, kuma na yi alfahari da ita. Na rubuta wasu layuka biyar na sa musu suna mai shara. Kafin gwaji ya fara, mai shara zai shiga foldar da aka ware wa aikin ya kwashe duk abin da ya tarar. Duk. Ban sa shi ya tambayi na wane ne ba, don a ganina wa zai ajiye abin kirki a juji? Tsohon tarkacen da ya riga ya bazu a wasu wurare kuwa na ce sai na samu sarari. Ni da ke faɗa da kowa a gida kan barin kofi a inda aka sha ruwa.

Ranar wata Laraba da hantsi, ana jiran gyarana kafin azahar, na kunna gwaji, ja ya cika allon daga sama har ƙasa. Babu wuri. Cikin kwamfutar ya cika maƙil. Na fara neman abin da zan goge, na tarar da foldoji masu sunaye irin na aljanu, haruffa da lambobi a cakuɗe, ban san wacce ce shara wacce ce ta aiki ba. Na ji tsoron in goge abin da ba shi ba. Wannan tsoron yana ba ni dariya mai ɗaci yanzu. Shugaban aikina ya riga ya turo saƙo sau biyu. Na yi tunanin zuwa kasuwa in sayo filashi, na tuna na ƙarshen da na saya kwana tara ya yi ya mutu, ga rana tana ta hawa.

Sai akwati ya faɗo mini a rai.

Na daɗe tsaye a kansa. Na ce wa kaina ba ci zan yi ba, aron wuri ne na sa'a ɗaya, kamar ka jingina buhunka a zauren maƙwabci kafin mota ta zo. Na kwance zaren a hankali, ina lura da yadda aka naɗa shi don in mayar daidai. Da na soka filashin a kwamfuta, taga ta buɗe da kanta a kan allo tana nuna abin da ke ciki, ni kuwa na kau da kai da sauri na rufe ta, don ba a buɗe ajiya. Wallahi har wani daɗi na ji, wai ni mai amana. Abin da na duba kawai shi ne sauran wuri, na ga ya fi rabi. Na shiga saitin gwaji na sauya layi ɗaya: maimakon foldar da ke cikin kwamfuta, a yi aiki a filashi. Da na buɗe sabuwar folda a ciki na nuna ta, da ba a yi wannan labarin ba. Amma buɗe folda sai na shiga ciki, shiga kuwa sai na gani. Na nuna filashin gaba ɗayansa.

Kore ya cika allo. Na sake kunnawa don in tabbata, na kuma sakewa saboda na ji daɗin ganin koren. Sau uku. Na miƙa aikina da sauran lokaci, na yi miƙa, har na leƙa tsakar gida na tsokani Inna cewa wakenta ya fi tsakuwa tauri.

Da na dawo zan cire filashin na sake duban sauran wuri. Ya nuna babu komai a ciki, fayau. Na ce ƙarya ne. Na cire na mayar. Wannan karon na buɗe tagar da idona biyu, na zuba mata ido, fari tas. Mai shara ya yi aikin da na koya masa, bai ƙara ba bai rage ba. Ina zaune a haka saƙon shugaban aikina ya shigo, yana cewa aiki ya yi kyau, Allah ya ƙara basira.

Ana wata ga wata. Bayan la'asar wayar Inna ta yi ƙara, ta gaisa, ta miƙo mini ta ce Kawu ne.

"Jibi in sha Allahu ina tahe," ya ce. "Mutanenmu za su koma gida kahin ruwa ya sauka. To daji ya hau gonaki, gambar da anka dasa a iyakoki duk wuta ta cinye. Mai gari ya ce in zo da muryar tsoho a zauna, kowa ya ji da kunnenshi. Kin dai aje mani abin nan?"

"Wace murya, Kawu?"

Nan ya ba ni labarin sarkin noma da yawon gonaki, yana dariya, wai ashe ban taɓa leƙawa ba, lallai ɗiyar Inna ce ni.

"Yana nan, Kawu," na ce. Filashin yana nan kam. Ban taɓa faɗin gaskiyar da ta fi kama da ƙarya irin wannan ba.

Abu ɗaya ya hana ni zaucewa. Na san sharewa a kwamfuta ba ƙonewa ba ce. Sunan fayil kawai ake cirewa daga jeri, shi kansa yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a gurbinsa. Akwai manhajar da ke tono irin waɗannan. Amma na san kuma sau uku na kunna gwaji, kuma kowane karo muryata ta zuba a filashin nan ta kwanta a inda ta ga dama. Tambayar ita ce a kan me ta kwanta.

Alhamis da sassafe na hau turmi a bayan garken awaki, inda sabis ɗin waya ya fi kamawa, na ɗaga waya sama ina sauke manhajar tono. Ta katse sau biyu. Da ta sauka sai wata matsalar: abin da aka tono ba a mayar da shi inda aka tono shi, sai a wani wuri, ni kuwa ba ni da wuri. Dole na zauna na yi aikin da na guje wa jiya. Na bi foldojin nan masu sunan aljanu ɗaya bayan ɗaya, in buɗe, in duba, in tabbatar tawa ce, in goge. Daga hantsi zuwa azahar na gama. Rabin yini kawai. Wurin da ya samu ya isa a yi gwajin jiya sau hamsin. Sauri ya haifi nawa, na zauna ina jin haushin kaina kamar in mari fuskata.

Ina cikin tonon aka ɗauke wuta. Na fito tsakar gida ina zagaye, ina kallon ƙwan fitilar da ke baranda kamar kallona zai kunna shi. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Ke, lahiya? Tun jiya kike zagaye awa kazar da za ta yi ƙwai. Mi kinka yi?"

Na durƙusa na faɗa mata komai, da kalmomin da za ta gane. Ta ajiye rariya.

"Kin buɗe ajiyar mutane?"

"Ban duba ba, Inna. Wallahi kau da kai na yi."



"Ni na ce maki ido ake kaudawa? Hannu ake kaudawa. Tunda kin sa hannu, ai gara ki sa ido."

Na roƙe ta ta tsaya mini wajen Kawu, ita ce babba, ba zai yi mata musu ba. Ta ɗauki rariyarta ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, wanda ya kwance zare shi zai yi bayani.

Wuta ta dawo da la'asar. Manhajar ta tono fayilolin murya ashirin da ɗaya da ba nawa ba, babu suna ko ɗaya, lambobi kawai. Na sa abin ji a kunne na fara da na farko.

Muryar tsoho ce, a dushe, yana numfashi sama-sama irin na mai tafiya. Ana jin takun ƙafa a busasshiyar ƙasa, da zabi suna kuka can nesa. "Wagga gona, daga kukar nan ta bi gamba ta yi gabas har burtali. Kakan mai ita ya sare dajin da hannunshi." Ya yi tari, Kawu ya ce sannu Baba. Ban taɓa ganin mutumin nan ba, amma hawaye ya zubo mini. Na ji ta har ƙarshe, lafiya lau. Ta biyu ma haka, ta uku haka. Kowacce na gama sai in ce alhamdu lillahi, in ji tsoron ta gaba ya ninka. A ta tara muryata ta faɗo a farko ta cinye gaisuwa, amma iyakar ta tsira. Na ji goma sha huɗu kafin magariba, sauran na bari sai da safe don kaina ya fara sarawa.

Juma'a da safe na kai ta goma sha tara.

"To wagga ta gidan su malamin gona ce, ga shi nan tsaye," in ji tsohon. "Ta yamma ba ta da rigima, rahi ya raba. Ta gabas ita ke son lura, rabon yayarshi da ke aure Ƙanƙara. Mutane na cewa a tsamiya ta tsaya, alhali ba nan ba ne. In ka wuce tsamiya..."

"Wannan gwaji ne. A share bayan an gama. Wannan gwaji ne. A share bayan an gama."

Muryata, tangaran, cike da jin kai, ta yi ta maimaitawa kusan minti biyu. Sannan tsohon ya dawo: "...to nan ne iyaka, kowa ya shaida."

Na cire abin ji na ajiye. Na sake tonowa ta wata hanya, na sake ta wata, abu ɗaya ke fitowa. Cikin gonaki ashirin da ɗaya, ta uwata na zaɓa na taka. Na leƙa ta taga na ga Inna tana shanya wanki, tana ɗan waƙe-waƙenta a hankali, na rasa ta inda zan fita daga ɗakin.

Kawu ya iso bayan an sauko daga masallaci, da ƙullin ɗanyar gyaɗa da ya sayo mana a hanya. Ya rame, gemunsa ya yi fari. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya, ya sha ruwa, suka gaisa da Inna gaisuwa mai tsawo, suna lissafa wa ya koma wa ya rasu. Ni ina durƙushe a gefe da kwamfuta a cinya. Da ya juyo ya ce ina ajiyarsa, na miƙa gwangwanin da zaren daban. Ya dubi zaren, ya dube ni.

Na faɗa masa. Ban rage komai ba, har kau da kan da na yi. Na ce ashirin suna nan, na sa su a wuri uku, ɗaya ce ta samu rauni. Ya ce in kunna ta.

Muka saurara mu uku. Da muryata ta shigo Inna ta sunkuyar da kai. Kawu ya ce in maimaita, na maimaita. Ya ce in ƙara.

"Muryarki ce wagga?"

"Tawa ce, Kawu."

"Ta hito tas," ya ce.

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na ce ai shi yana wurin ranar, ya ji abin da tsoho ya ce. Ya ce ya ji mana: in ka wuce tsamiya sai ka kai wani suri, nan ne iyaka. Amma ruwa ya daɗe da baje surin, kuma shi ƙanin mai gona ne, ba ya zama shaida a kan abin gidansu. Maƙwabcin gonar kuwa tun ubansa yana da rai suke cewa tsamiya. Don haka ma ya sa tsoho ya faɗa a naɗe.

Ya kwana biyu ya wuce Faskari da sabon filashi da na kwafa masa, na kuma sa masa a waya. Bai sake tayar da maganar ba, Inna ma haka, kuma shirun nan ya fi komai cina.

A makonnin da suka biyo baya na rushe mai shara na sake gina shi. Yanzu kowane gwaji yana buɗe foldarsa sabuwa fil, ya sa mata alamarsa, kuma abin da ke ɗauke da alamar kaɗai ake gogewa. In mai shara ya shiga wuri ya tarar da fayil ko ɗaya da ba namu ba, sai ya tsaya cak ya ƙi aiki, ya rubuto mini sunan abin da ya gani. Abokan aikina na Kano sun ce na cika tsoro, layi biyar ya koma hamsin. Ban ba su labari ba. Har yau in na kunna gwaji ba na ɗauke ido daga allo sai kore ya fito, kuma na sauya muryar gwajin da ƙarar ƙararrawa, don ba na son jin waccan jimlar.

Bayan ruwan farko ya sauka Kawu ya dawo, ƙafarsa duk taɓo. Ya ce zama ya yi kyau, an kunna muryar tsoho a ƙofar mai gari, har wasu suka yi kuka, gonaki ashirin an raba ba tare da ko ɗaga murya ba. Sannan ya zaro ambulan daga aljihu. Na ɗauka Inna zai miƙa wa, na ma fara ja da baya. Sai ya kira ni.

"Ajiya ce na kawo maki, ɗiyata."

Bai ba ni a rufe ba. Ya buɗe da kansa, ya warware takardar, ya shimfiɗa ta a tabarma a gabana. Takardar iyakoki ce da aka rubuta a zaman, da hatimin mai gari a ƙasa.

"Karanta," ya ce. "Ki san abin da kike riƙo. Ki ɗaga murya, yayata ba ta iya bokon ba."

Na bi layukan da yatsa ina karantawa, gona bayan gona, kuka da burtali da rafi, har na zo kan tamu. Inna ta dakata da tsintar waken da take yi. Na karanta mata da bakina cewa gonarta ta tsaya a tsamiya.